Ƙusoshin da Aka Buga a Bayan Idona

Shekara goma na yi ina buga wa mutane kwano a Illela kafin in san akwai rufin da ba a huda shi. Ni da ɗan kawuna muke aikin, wan mahaifiyata ne ya haife shi. Sa'annin juna ne mu, wata huɗu kawai ya ba ni. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, wasan taubasai ke tsakaninmu, ko a gaban mutane ba ya kirana da komai sai "bawana". Yana da baki, yana da fara'a. Shi ke zama da masu gida a daidaita, ni kuwa hannu gare ni. In muka hau rufi ni ke jan igiya in fitar da layi, shi ke ba mutanen ƙasa dariya.

Kwanon da kowa ya sani muke bugawa, mai tudu da kwari, da ƙusa mai hula a kan tudun. Shekarar farko mai gida sai godiya. Ta biyu ma haka. Daga ta uku ramin ƙusa ya fara faɗi, tsatsa ta kama bakinsa, sai a aiko mu zo da kwalta da tsumma mu liƙe. Rabin aikinmu na damina ke nan. Duk gidan kwanon da ka leƙa a garin za ka ga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kansa, an danne don iska. Ba wanda ke ganin laifinmu, haka kwano yake a sanin kowa, haka ni ma na ɗauka.

A farkon shekarun tamanin aka ce ana neman kafintoci a Ƙonni, tsallaken iyaka cikin Nijar, wani kamfani na gina babban ɗakin ajiya. Na tsallaka ni kaɗai, taubashina ya ce shi ba ya aikin da za a tsaya masa a kai. A can na haɗu da tsohon da ke shugabantar rufin, mutumin ƙasashen bakin teku, ya daɗe a Ƙonni har ya yi iyali, amma Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba. Baba muke ce masa. Ranar farko ya ga jakar ƙusa a ƙuguna, ya miƙo hannu ya kwance ta, ya rataye a jikin tsani.

"Nan babu huda," ya ce. "Kai huda, ruwa shiga. Kai ɗinka."

Kwanonsa shimfiɗaɗɗe ne, dogo, babu tudu babu kwari. Ana tayar da gefensa biyu kamar tsawon yatsa uku. In an jera biyu, gefe ya haɗu da gefe, sai a sa wani ɗan yankin ƙarfe a tsakani, wanda Baba ke kira kunne. Kunnen ake kafewa da ƙusa a jikin katako, ba kwanon ba. Sannan a naɗe gefen biyu tare da kunnen a ciki, naɗi biyu, da awartaki mai faɗin baki da gudumar itace. In an gama, ɗinkin yana tsaye sama, ruwa na bi ta ƙasa a fili, ba ya samun ko hujin allura. Baba ya sa na ɗora tafin hannuna a kan kwano da hantsi, ya ja layi da fensir a bakin katako, ya ce in dawo da azahar in duba. Da na dawo kwanon ya wuce layin. Ya nuna min da hannu cewa rana na miƙa shi, sanyi na takure shi, kuma kunnen na barinsa ya motsa. Wanda aka kafe da ƙusa ba ya samun wannan damar, shi ya sa yake cin ramin ƙusarsa.

Na tsaya a kan rufin nan ina tuna duk kwaltar da na shafa a shekara goma, kunya ta kama ni.

Rani biyu na yi da Baba. Da zan dawo ya kai ni wurin maƙeri aka ƙera min awartaki irin nasa. Aikin farko da na yi da shi a gida ɗakin Inna ne, mahaifiyata, da ragowar kwanon da na sayo daga Ƙonni. Taubashina ya taya ni, yana yi yana tsokana.

"Bawana ya tahi kafinta ya dawo tela," yake gaya wa duk wanda ya leƙo.

Amma ya koya. Wannan nake so a riƙe. Ya riƙe awartaki da hannunsa, ya naɗe ɗinki, na nuna masa layin fensir kamar yadda aka nuna min, ya gani da idonsa. Damina biyu ta wuce a kan ɗakin Inna ko ɗigo bai sauka ba.

Akwai wani Alhaji a garinmu, babban ɗan kasuwa, mai kai kaya Nijar yana ɗauko wasu. Atamfa, sukari, siminti, duk abin da ke tafiya yana ciki. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son hayaniya, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ga ɗakin ajiyar nan na Ƙonni, ya tambaya aka ce da ɗan Illela aka yi shi. Ya aika aka kira ni. Yana gina sito a bayan kasuwa, mafi girma a garin a lokacin, kuma ya gaji da kayansa na jiƙewa.

"Irin na Ƙonni nika so," ya ce. "Kana iyawa?"

Na ce ina iyawa, ranka shi daɗe, in za a bar ni in yi yadda aka koya min.

Ya ce ai don haka ya kira ni.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba. Kwanon ya iso ta Ƙonni a kan tirela, mutane suka taru suna shafa shi suna tambayar ina tudun. Ni na fitar da gangaren rufin, ban ɗaga shi sosai ba, don irin wannan ba ya bukatar tsayi. Mu shida ne a sama, ni da taubashina da magidanta huɗu da na koya wa naɗi. In rana ta yi tsakiya ba a iya taka kwanon, sai mu sauka mu sha fura a inuwar bango, mu koma bayan azahar. Masu canjin sefa da ke zaune a bakin hanya su kan ɗago kai su yi mana sannu. Masu babura su tsaya su kalla. Da muka rufe gefe ɗaya, layukan ɗinkin sun miƙe tun daga ƙololuwa har baki kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa da kyau. Na sauko na tsallaka hanya na tsaya ina kallo, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Saura kwana kaɗan mu gama sai surukin Alhaji ya zo daga Sakkwato. Shi ke auren babbar 'yarsa. Ɗan babban gida ne, iyayensa da kakanninsa duk ma'aikata, shi ma yana wani ofis da ya shafi gine-gine, mutane na ce masa injiniya. Ban san abin da ya karanta ba, ban kuma ce bai karanta ba. Ya fito daga mota da farar shadda, ya zagaya siton, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Bai hau ba. Ya sa aka kira ni.

"Kai ne mai aikin?"

"Ni na, yallaɓai."

"Ina ƙusoshin?"

Na yi masa bayani. Na ɗauko kunne guda na nuna masa, na ɗauko guntayen kwano biyu na naɗe a gabansa, na miƙa masa na ce ya ja ya gani in zai raba su. Bai karɓa ba. Ya dubi Alhaji.

"Baba, wanga abu ba ya yi nan. Ƙasarmu ƙasar iska ta. Hadarin farko in ya taso zai naɗe shi awa tabarma ya kai maka shi Ƙonni. Rufi ba ƙusa? Ni ban taɓa sa hannu ga irin wannan ba."

Na ce, "Yallaɓai, na Ƙonni shekara uku ke nan shina tsaye, kuma iskar da ke busawa can ita ke busawa nan. Ƙusa na nan, tana ƙarƙashi, ba a ganinta ne kawai."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa wanda ya yi magana a inda ba a tambaye shi ba.

Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce a bar shi yadda yake, tunda an kusa gamawa. Na ɗauka magana ta ƙare. Da za su tafi na hangi surukin ya tsaya a bakin mota da taubashina, suna magana, taubashina na dariya yana sosa ƙeya. Ban kawo komai a raina ba, da kowa yake dariya.

Ranar da muka naɗe ɗinkin ƙarshe, da la'asar, aka aiko daga Tozai cewa mahaifin maiɗakina ya rasu. Muka kama hanya ni da ita. Na bar wa taubashina kayan aikina da sauran gyaran bakin rufi, aikin yini ɗaya. Na yi niyyar kwana uku, amma tsohon ya bar gida babu babban namiji, sai da na kai bakwai.

Da na dawo ko gida ban shiga ba, na bi ta bayan kasuwa don in ga aikina. Tun daga nesa na ga wani abu na ƙyalli a kan rufin, ɗigo-ɗigo, a jere. Na ɗauka idona ne. Na matsa. Hulunan ƙusa ne. Layi-layi, daga wannan bango zuwa wancan, a kan kowane katako. Kuma da yake kwanon ba shi da tudu, a fili suka buga su, a daidai inda ruwa zai bi.

Na jingina tsani na hau. Na durƙusa na taɓa su ɗaya bayan ɗaya kamar wanda bai yarda ba. Wasu sun shiga a karkace, wasu guduma ta kuskure ta lotsa kwanon ya yi ɗan kwari a gefensu. Ban san tsawon lokacin da na yi a sama ba. Wani mai shayi ne ya kira ni daga ƙasa ya ce in sauko kada rana ta kashe ni.

Na sami taubashina a ƙofar gidansu yana cin rake. Ya gan ni ya washe baki.

"A'a, bawana ya dawo. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan tsoho."

"Wa ya buga ƙusa?"

Ya tofar da ɓawon rake. "Zamna mana."

"Wa ya buga?"

"Ni na buga. Injiniya ya dawo bayan tahiyarka da kwana biyu, ya ce ko a buga ko ya cire hannunshi daga al'amarin Alhaji. Alhaji ya ce a yi mishi yadda shika so. Mi kaka so in yi? In ce a'a?"

"Ka san abin da zai faru."

"Allah kaɗai ya san abin da zai faru."

"Ka sani," na ce. "Kai ka riƙe min fensir a ɗakin Inna."

Ya kau da kai. Daga baya na ji cewa surukin ya yi masa alkawarin wasu rufe-rufe a ƙauyukan hanyar Sakkwato, kuma ya cika. A ranar dai abin da ya ce min shi ne in bar ɗaukar kwano kamar ɗan da na haifa.

Washegari na tafi wurin Alhaji. Na ce masa rufin nan an kashe shi, amma in aka ba ni dama yanzu, kafin zafi ya yi ƙarfi, zan cire ƙusoshin in toshe ramukan da dalma ɗaya bayan ɗaya. Ba zai koma kamar da ba, amma zai riƙe. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, in ba shi lokaci. Na koma bayan mako guda. Ya ce surukinsa ya ce kada a taɓa. Ya faɗe shi a hankali, yana kallon tabarma.

Sai bazara ta shigo. Duk wanda ya bi ta bayan kasuwa da tsakar rana yana jin rufin na ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Kwanon ne ke son miƙewa, ƙusa ta hana. Na daina bin hanyar, in zan je kasuwa sai in zagaya ta tasha.

A cikin wannan zafin ne aka wayi gari soja sun rufe iyaka, aka kuma canza kuɗi. Illela ta mutu a tsaye. Masu canji suka naɗe tabarminsu, manyan motoci suka yi layi har bayan gari sannan suka juya. Kayan Alhaji da ke kan hanyar Nijar duk aka sauke su a sabon sito, aka jibga har kusa da rufi, dilolin atamfa a gefe, buhunan sukari da siminti a gefe. Na sake zuwa, karo na uku. Na aika masa ciki cewa ko tamfol a shimfiɗa a kan kayan. Wannan karon ko ganinsa ban samu ba, babban ɗansa ne ya fito ya ce Alhaji na da abin da ya fi wannan damunsa. Gaskiya ya faɗa, kowa a garin na da abin da ke damunsa.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, manoman ƙauyen Darna har sun fara fid da rai. Ranar da ya zo, bayan sallar la'asar ya zo, da iska a gaba. Ina tsakar gida na ga gabas ta yi baƙi. Mutane na murna, mata na fitar da tukwane da bahuna. Ni kuwa na tsaya ina kallon wajen sito. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, shiga ciki, ba kai ka buga ba." Ban shiga ba. Na tsaya a zaure har aka ɗauke, bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Kafin magariba labari ya zagaye gari. Na je na gani da idona. Rufin na nan, iska ba ta ɗaga ko kwano ɗaya ba. Amma a ciki kamar an yi ruwan ta rariya. Kowace ƙusa ta ci raminta ya yi tsawo, ruwa ya bi fili ya same su a hanyarsa ya zuba. Sukari ya narke yana bin ƙasa, ƙudaje har sun fara taruwa. Simintin sama ya sha ruwa, wanda gobe zai zama dutse. Atamfa ta yi jirwaye. Leburori na ta fitar da kaya, Alhaji na tsaye a bakin ƙofa riƙe da gefen rigarsa. Ya gan ni, na gan shi.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka kira ni zauren Alhaji. Na tarar da shi da surukinsa, da limamin unguwa, da dattawa uku na kasuwa, da Kawu, mahaifin taubashina. Taubashina na zaune daga bakin ƙofa. Na gaishe su na zauna.

Surukin ne ya fara. Ya ce tun ranar farko ya faɗa cewa wannan rufi ba na ƙasar nan ba ne. Ya ce ba shi da gangare, ba shi da tudu, ruwa na kwanciya a kansa. Ya ce ba don ƙusar da ya sa aka buga ba, da yanzu ba a maganar jiƙewa, da rufin gaba ɗaya iska ta tafi da shi. Dattawa suka gyaɗa kai. Magana ce mai shiga kunne, kuma daga bakin mai farar shadda ta fito.

Na nemi izini na yi magana. Na ce ruwan ta ramin ƙusa ya shiga, duk mai shakka ga tsani, mu hau yanzu, in an sami ɗinki ɗaya da ya yi yoyo na yarda laifina ne. Na ce ga ɗakin mahaifiyata nan, ruwan da aka yi a nan shi aka yi a can, a aika a duba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ɗakin tsohuwa daban, sito daban.

Na ce to ga na Ƙonni.

Surukin ya ce, "Sai ka buɗe muna iyakar mu tai mu gani." Aka yi 'yar dariya.

Ba wanda ya tashi zuwa tsani. Na juya wurin taubashina. Ban taɓa roƙonsa komai ba sai ranar.

"Kai ka yi aikin nan da ni tun daga farko. Gaya musu. In da ba a huda shi ba, zai zuba?"

Ya dubi mahaifinsa, ya dubi surukin, ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Ni dai," ya ce, "kwanon da na sani shi na mai tudu. Wanga sabon abu, shi yak kawo shi. Ni abin da anka ce in yi shi na yi."

Liman ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri da juna. Alhaji ya ce shi bai kira kowa don ya ɗora masa asara ba, abin da ya tafi ya tafi, Allah ya mayar da alheri. Aka shafa fatiha. Kowa ya fita yana yabon haƙurin Alhaji, ya yafe wa wanda ya jawo masa hasara. Ni ne wanda aka yafe wa. Da a ce ƙarata ya kai, da alƙali ya sa an hau rufin.

Da yamma Kawu ya zo gidanmu, ya zauna a ɗakin Inna, aka kira ni. Ya ce ya ji ina cewa zan tara mutane in hau da su sama. Ya ce in na yi haka ɗansa zan tona, kuma surukin Alhaji zan kunyata, mutanen da ba a ja da su. Ya ce in dubi zumunci. Na dubi Inna ina jiran ta ce wani abu, ita da ke kwana a ƙarƙashin rufin da bai taɓa ɗiga mata ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ka bari, don ni. Wana na, ba ni da wani."

Na bari.

Cikin mako biyu aka kware rufin. Taubashina aka ba aikin, ya ɗaga gangaren, ya buga mai tudu da kwari da ƙusa mai hula. Kwanon nawa aka sayar wa maƙera. Shekaru bayan haka ina ganinsa a kasuwa, an yi murhun gawayi da shi, da bokitai, da akwatunan amare. Ina gane shi ta layin naɗin da bai gama miƙewa ba.

Sunan tela da aka fara da wasa ya bi ni, amma yanzu ba da wasa ba. In mutum zai yi rufi sai a ce masa ya kiyayi telan nan da ya narkar da sukarin Alhaji. Ko mai tudun ma aka daina ba ni. Mutum huɗun da na koya wa naɗi suka koma wurin taubashina, ban ga laifinsu ba, suna da iyali. Na koma yin ƙofofi da tagogi da bencin makaranta a wata 'yar rumfa kusa da tasha, a garin da ba mai gini saboda iyaka na rufe. Maiɗakina ta fara yin ƙosai da safe, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan ubanta. Ba ta taɓa yi min gori ba. Sau ɗaya kawai ta ce da na ƙi zuwa Tozai ranar nan. Na ce mahaifinta ne ya rasu, ina zan ƙi. Ta ce ta sani.

Na so ƙwarai in ga Baba. Ba don ya zo ya yi min shaida ba, wa zai saurari tsohon da Hausarsa ba ta miƙe ba. Na so dai in gaya wa mutum ɗaya da zai gane ba sai na yi bayani ba. Masu babura na bi ta daji suna shiga Ƙonni, na ba ɗaya saƙo, ya dawo ya ce tsohon na kwance ba lafiya. Na yi ta cewa sai an buɗe in tafi ta hanya kamar mutum. Da aka buɗe, bayan kusan shekara biyu, na tafi a makon farko. Na tarar ya rasu tun damina, iyalinsa sun koma ƙasarsu. Na bi ta gaban ɗakin ajiyar da muka rufa tare, yana nan lafiya lau, ana sauke buhunan wake a ƙofarsa. Ban tsaya ba.

Ni da taubashina ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa, ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana zuwa na nawa. Ya yi babur, ya yi gida mai bene ɗaya, daga baya ya je Makka. Sau ɗaya ya gwada ce min "bawana" a wurin wani ɗaurin aure, na dube shi, bai sake ba. Dangi suka ce ina da riƙo. Ina da shi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina neman takalmina sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ja ni gefe, bayan bangon masallaci inda ba kowa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sannan ya rage murya.

"Na hau rufin nan," ya ce. "Kafin a kware shi, da sassafe, ni ɗai. Na gani. Ta ƙusa ruwan ya shiga."

Na ce, "Kafin a kira ni zaure ko bayan an kira ni?"

Ya ce, "Kafin."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce ɗiyarsa na gidan mutumin, da 'ya'ya biyar, kuma takardunsa na kasuwa duk ta hannun dangin surukin suke bi. Ya ce abin na damunsa tun lokacin, yana so in yafe masa tun yana da rai.

Na ce, "Alhaji, dattawan nan uku biyu na raye. Liman ma yana nan ciki bai fita ba. In ka faɗa a gabansu, ko yanzu."

Ya dubi ƙofar masallacin, mutane na ta fitowa suna gaisawa. Ya gyara riƙon sandarsa.

"Abin ya wuce," ya ce. "Mi za a tada shi a yi?"

Na ce masa na yafe, don an hore mu da yafewa, kuma tsoho ne a bakin masallaci. Ya yi min addu'a mai tsawo, ya tafi da sauƙi a fuskarsa. Na koma neman takalmina, na tarar wani ya tafi da ƙafa ɗaya ya bar min tasa. Haka na taka har gida, ɗaya tawa ɗaya ta wani. Maiɗakina ta kawo abinci ta tambaye ni abin da ya same ni. Na gaya mata duka. Ta tambaya ko akwai wanda ya ji lokacin da yake faɗa. Na ce babu. Ta ɗauke kwanon tuwon ta rufe, don ta ga ba zan ci ba.